Gahawar da Ta Ƙi Sauka

Da sunan Allah zan buɗe zaman yau. Ku da kuke biye da ni, ku yi mini afuwa tun yanzu, ba kuka zan yi muku ba. Na san an fi son mace in za ta ba da labarin miji ta riƙa jan hanci tana share ido da gefen zane. Ni na nema na rasa. Yadda abin ya faru haka zan faɗa muku, a bushe.

Sunana Kadidia, 'yar unguwar Amarewat nan Agadas, gidan da in ka tsaya a tsakar gida kana hango kan hasumiyar masallaci da itatuwanta a cake. Shekara biyu na yi ban san ko ni matar aure ce ko bazawara ba. Mijina Lukumanu jan raƙumi ne sana'arsa. Shekarar da Nasara suka zauna garin nan suka tara raƙuma za su Kawar, sai suka ɗebi masu ja, har da shi. Ayari ya dawo, raƙuma sun dawo ana ƙirga musu haƙarƙari, mutane sun dawo, shi shiru. Wani ya ce ya gan shi a Bilma, wani ya ce ya bi Tubawa arewa, wata ma ta rantse mini ya yi aure a can har da ɗa. Kowa ya faɗi nasa na ce to.

Ina ci, ina sha, ina salla. In aka zaunar da ni kitso na zauna, in aka yi dariya na buɗe haƙora. Amma in da za a tsaga ƙirjina, ba na jin za a sami wani abin kirki a ciki.

Inna ta gaji da ni. Kullum maganarta ɗaya, mace ba gishirin Tegidda ba ce da za a jingine a ɗaki shekara da shekaru ta ƙi lalacewa. Ita da Yaya Ousmane suka tsayar da magana: ranar Juma'a bayan an sauko za a kai ni gaban alƙali a raba aurena, tunda ba ci ba sha ba labari. Bayan haka kuwa akwai mai jira, Nomau, mai dafa wa lasidan, wani hafsan sojan Nasara, abinci. Abin da aka bar mini kawai shi ne in buɗe baki ran Juma'a in ce na yarda.

Bari in gaya muku yadda Nomau ya shigo gidanmu, don ta ƙofar turmi ya shigo.

Ba kowa ke shan gahawa a Agadas ba. Lukumanu wurin fataken Gat ya koya, ya zo da abarsa gida: ɗanyun ƙwayoyi a jakar fata, ɗan turmi mai taɓaryar ƙarfe, da finjali huɗu. Shi ya koya mini soyawa, amma daka ba wanda ya koya mini, gado na yi. A wurinmu daka mutunci ne. Macen da ta ba baƙo gari mai tsaki a ciki, ba ita za a zaga ba, uwarta za a zaga. Ni kuwa in na daka gahawa sai ta yi lilis kamar kwalli, in haɗa da kanumfari da 'yar citta yadda yake so, a tafasa a tukunya, a bar gari ya kwanta, a sha. Da zai tafi Kawar kwana uku na yi ina daka masa guzuri, hannuna har ya yi ƙanta. Na tace da siririn ƙyalle sau biyu, na ɗura a jakar da na ɗinka da kaina, jar fata mai tsanwan baki. Ya rataya a wuya yana tsokanata, wai ko ya rasa ruwa zai shaƙi ƙamshi ya rayu.

Wata huɗu kafin wannan Juma'ar, da hantsi, Tabawa dillaliya ta yi sallama. Tabawa tsohuwa ce, ba gidan da ba ta shiga, daga fada har sansanin Nasara, kuma ba maganar da ke kwana a cikinta. Ta ce ga wani bawan Allah a zaure yana neman mai dakan gahawa, abin niƙan ubangidansa ya lalace tun tuni, askarawa ne, sojojin Nasara, ke ta farfasa masa da dutse yana zaginsu.

Na ja mayafi na fita. Dogo ne siriri, da 'yar farar riga iya gwiwa irin ta masu yi wa Nasara aiki, da jar hula da ta koɗe. Bakinsa na Damagaram ne. Bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo kamar ya yar da allura. Ya ajiye ƙullin soyayyiyar gahawa ya ce:

"Baiwar Allah, abu uku nake roƙo. Ban da lilis. Ban da kanumfari. Ban da citta."

A raina na ce, ji mutum, ka zo gidan kifi kana koya masa iyo. Kanumfari da citta na bar masa, tunda abinsa ne. Amma a ce in fitar da daka mai tsaki daga gidan Inna, ya bi ta hannun Tabawa, gobe duk Amarewat su ji? Na zauna na yi masa irin dakan da na iya, har na tace.

Da ya dawo da la'asar ya kwance ƙullin, ya ɗan zuba a tafin hannu. Wallahi ina kallo ya murza, sai ya saki garin ya zube masa a ƙafa. Ya nemi dakalin zaure ya zauna. Na ɗauka tsoron ubangidansa ne, don kowa ya san lasidan ɗin nan da bulala yake gaisawa. Ban ji tausayinsa ba, ban ji haushinsa ba. Na tsaya ina jira ya tashi ya tafi.

Washegari sai ga shi da wata buta a ƙunshe cikin tsumma, duk ta lotsa, wai tsohuwar butar lasidan ce da aka yar. Buta ce hawa biyu. Ta sama gindinta duk ƙananan huji ne kamar rariya, ta ƙasa ita ke da baki. Ya ce su Nasara ba sa tafasa gahawa a wuta. Gari ake zubawa a sama, a riƙa tsiyaya ruwan zafi kaɗan kaɗan, ruwan ya ratsa ya ɗiga ƙasa da kansa. Inna, da ta fito da faifanta tana saƙa don kada a ce an bar ni da namiji ni kaɗai, ta ce lallai Nasara ba su da aikin yi.

Ya sa na kawo tafasasshen ruwa, ya ce a fara da nawa na jiya. Ya zuba, ya tsiyaya ruwa. Ruwan ya tsaya cak a sama, garin ya zama taɓo ya toshe hujin. Can sai ɗis, can kuma sai ɗis. Inna ta ajiye faifai ta ɗauki carbi don ta ga iyakar abin, ta yi ƙulhuwallahu ɗari bai gama sauka ba. Abin da ya taru a ƙasa baƙi ƙirin, da laka a ciki, ga ɗaci kamar gunar daji. Ni da kaina na tofar.

Sai ya ce in yi masa barza. Don in huce na yi masa irin wadda ake yi wa kaji. Wannan kuma kafin ya gama tsiyaya ruwa ya riga ya wuce, ƙulhuwallahu goma ba ta cika ba. Salam, ga ɗan tsami. Inna ta kurɓa ta ce ruwan wankin ƙwarya ya fi shi gaskiya.

Na uku shi ya tsuguna kusa da turmin, ya ce in zuba cikin tafi ɗaya kawai, kada in cika. In riƙa sakin taɓarya a hankali, in saurara. Da farko za ta riƙa cewa ƙaras-ƙaras, daga nan muryar ta yi laushi, in ta fara cewa dum to an wuce wuri. Kafin dum ɗin nan ake tsayawa. Na tsaya, ya sa na zuba a rariya mai faɗin ido na mayar da manyan cikin turmi, sannan na tankaɗe a faifai na ware garin da ya yi laushi gefe. Abin da ya rage ya murza tsakanin yatsu ya ce haka ake so, kamar yashin ƙoramar Telwa in ruwa ya wuce ya bushe. Wannan karon ruwan ya sauka siririn zare ba yankewa, Inna ta yi arba'in daidai. Muka sha, ba laka, ba ɗaci mai kama maƙogwaro. Ya ƙara da cewa in suyar ta yi duhu a bar shi da ɗan girma, in ƙwayar ta kwana biyu a ɗan ƙara mata hannu.

Inna ta ce, "Ashe tsaki ma shina da malamai."

Tun daga ranar nake yi wa lasidan dakan kafensa, haka suke ce masa. Duk kwana uku Tabawa ta kawo ƙwaya ta karɓi daka. Garin da na tankaɗe gefe na Inna ne, har ta koyi sha. Da farko na ji kunyar tsayar da hannu a tsakiyar daka, sai ka ce wadda aka kira daga salla. Daga baya na saba, kamar yadda na saba da komai.

Saƙonni suka fara biyo Tabawa. Yau ta ce, ya ce dakan shekaranjiya ya yi. Gobe ta ce, ya ce yaya hannunki. Wata rana ta zo da rumman biyu a gefen zane, ya ce a gaya mini na Timiya ne, da guminsa ya saya, ba ragowar Nasara ba ne. Ban taɓa mayar da amsar da ta wuce na gode ba, amma na san kafin Tabawa ta isa sansani na goden nan ta haihu ta yi jikoki. Sai ga kan sukari guda na Inna, sai ga turkuɗi, sai na ji wai ya je ya gaida Yaya Ousmane a rumfarsa ta dukanci.

Inna ba ta ɓoye dalilinta ba. Ta ce tun da Nomau ya fara taka zauren nan ba askar ɗin da ya sake shigowa ya kwance mana akuya ko ya leƙa rumbu. Masu cewa mun haɗa kai da bawan Nasara, su zo su tsare mana ƙofa in sun isa. Ta ce mutumin ba ya ɗaga murya, yana salla, ba shi da mata, me kuma nake jira? Na ce ba komai. Gaskiyata na faɗa. Ban so shi ba, ban ƙi shi ba, in ya zo na fita, in ya tafi na dawo na ci gaba da abin da nake yi.

Ran Laraba aka ce zai zo zance na ƙarshe kafin Juma'a. Inna ta tsaya a kaina kamar amarya ta fari. Ta ɗaura mini sabon turkuɗin nan da ke rina fata shuɗi, ta sa mini farar riga mai jan aiki a wuya, ta fito da manyan 'yan kunnen azurfa na kakata masu jan kunne ƙasa, ta rambaɗa mini kwalli, ta tura ni kan kaskon turare har na fara tari. Na dubi madubi na ga wata mace kyakkyawa, na yi mata fatan alheri.

Sai Inna ta ce yau ba za a ba suruki ruwan Nasara ba, in dafa masa irin namu na mutunci. Na ɗauko ɗan gwangwanin kanumfari daga bayan jere. Shekara biyu ban buɗe shi ba, da ƙyar murfin ya fita. Ƙamshin ya bugi hancina, sai na tsaya riƙe da shi.

Ban da kanumfari, ban da citta. Wa ya gaya masa? Fataken Gat da na sani ba sa haɗa biyun, Inna ba ta san gahawa ba sai a hannuna, Tabawa ba ta taɓa shan tawa ba. Mutum ɗaya ne a duniya nake yi wa wannan haɗin. Wata huɗu maganar tana zaune a kunnena ban juya ta ba, don na daina juya komai.

Na daka lilis, na haɗa, na tafasa, na zuba a finjali na kai zaure. Yana zaune kan tabarma da sabuwar riga mai ruwan ƙasa. Na durƙusa na miƙa masa. Ya kai baki, tururin ya taɓa hancinsa, sai ya ajiye a hankali kamar zai fashe.

"Sha mana," na ce.

"Ba ni iyawa, Kadidia."

"Wa ya gaya maka ina sa kanumfari?"

Sai na ji bakina ya kama sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure.

"Ina Lukumanu?"

Ya sa hannu cikin rigarsa ya ciro wani abu daga wuya ya ajiye a tabarma. Jar fata ce mai tsanwan baki, ta yi baƙi da gumi. Ɗinkina ne, har inda zare ya ƙare mini na ci gaba da wani launi.

Ya faɗa mini, idonsa a ƙasa. Yana cikin tafiyar Kawar, shi ke dafa wa wannan lasidan ɗin tun lokacin. Kwana biyu kafin Dirku abin niƙa ya faɗo daga raƙumi ya karye. Lasidan yana fama da zazzaɓi, ruwa ya yi ƙaranci, kowa a tsorace. Nomau yana zaune ya rasa yadda zai yi, sai wani mai jan raƙumi ya matso da fara'a, ya ciro jaka daga wuya ya ce ga garin gahawa dakakke, wanda Nasara bai taɓa shan irinsa ba. Nomau ya murza ya san ya yi laushi da yawa. Amma tsoron zuwa da finjali wayam ya fi ƙarfinsa, ya zuba. Buta ta toshe, rabon ruwan lasidan na yini ya tsaya a sama, abin da ya ɗigo baƙi ne mai laka da wani ƙamshi da bai sani ba. Lasidan ya kurɓa ya fesar, ya ce guba ce. Ya tambaya wa ya kawo.

"Na nuna shi," in ji Nomau. "Da yatsan nan. Na san ba guba ba ce, na san daka ne. Kalma ɗaya ce zan hwaɗa, ban hwaɗa ba."

Aka ɗaure Lukumanu aka yi masa bulala a rana, aka ɗora shi a raƙumi har Dirku, aka bar shi wurin wani tsoho mai dabino. Da suka biyo a dawowa tsohon ya nuna musu kabari. Kwana huɗu ya yi ya rasu.

Na tambaye shi ko ya bar saƙo. Ya ce bai bari ba, amma lokacin da ake ɗaure shi bai daina magana ba. Cewa yake su ɗanɗana su ji, dakan matarsa ne, Kadidia ta Amarewat, duk Agadas ba mai hannunta, su je su tambaya. A nan Nomau ya ji sunana da unguwarmu.

Kun san abin da na yi? Na ɗauki finjalin na zubar a gindin bango don kada ƙuda ya faɗa, na ɗauki jakata, na ce masa ya gaida gida. A ɗaki na kwance bakin jakar. Akwai saura kamar cikin cokali, ya dunƙule. Na murza, laushinsa na nan yadda na bar shi.

Inna ta ji komai ta bayan ƙofa. Ita ta yi kukan, har maƙwabta suka shigo. Ran Alhamis Yaya Ousmane ya kai Nomau wurin liman da wani askar da shi ma ya ga kabarin, suka ba da shaida. Ni kuwa na zauna na fara tsefe kaina, na cire 'yan kunne, na nemi tsohon zane. Wani ɗan sanyi ma na ji, na ce yanzu dai na sami abin yi, wata huɗu da kwana goma zan zauna a ɗaki, ko Allah zai sa kukan ya zo.

Yaya ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in bar tsifar. Liman ya ce takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da aka ji ba. Tawa ta ƙare tun bara waccan, ina can ina tankaɗe ban sani ba. Ba sai an je gaban alƙali ba ma, ko gobe aka so ɗaura aure ya halatta.

Inna ta share ido ta ce Allah ya sauƙaƙa mini. Ta ce mutumin nan da ya so da ya yi shiru har abada, ya faɗi gaskiya, kuma ba shi ya riƙe bulala ba. Yaya ya ce a tuna wa ke tsare mana ƙofa. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, na duba ban ga ƙarya ba. Ni dai abin da ke yawo a kaina, wata huɗu ina auna hannuna, ina sauraron taɓarya, don kafen mutumin da ya sa aka kashe mijina ya sauka daidai. Wanda ya nuna shi da yatsa kuma shi ya koya mini.

Ran Juma'a da hantsi Tabawa ta zo da ƙwaya kamar kullum, yau kuwa bakinta a rufe, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce kafen lasidan ya ƙare ƙaf, na yau ake jira, da ya gama cin abincin rana zai nema. Ta juya za ta fita, ta dawo.

"Ya ce in hwaɗa miki, ɗiyata. Abin da kika aiko, shi za ya zuba. Ko mi ne ne."

Na gane. Ku ma kun gane.

Na zauna gaban turmi, kaina rabi a tsefe. Na yi tafi na farko yadda ya koya mini, na rairaye, na tankaɗe, yashin Telwa sak, na ƙulle a ƙyalle na ajiye gefe. Na zuba tafi na biyu. Taɓarya ta ce ƙaras-ƙaras, muryar ta yi laushi, ta ce dum. Na ji ta sarai, hannuna bai tsaya ba. Na ci gaba har ƙantar nan ta dā ta tashi, na jefa kanumfari, na jefa citta, na tace da siririn ƙyalle sau biyu. Ban yi fushi ba, kada ku ce fushi ne. Kamar wata ce ke yi ina kallonta.

Tabawa ta dawo rana ta kusa tsaka. Ƙulli biyu ne a gabana. Na ɗauki na lilis na miƙa mata. Ta sa a ƙwaryarta ta rufe da faifai, ta yi mini addu'a ta fita.

Na share gindin turmi, na wanke taɓarya, na koma na zauna. Inna na ɗaki tana jan carbi, ina jin ƙwayoyin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ban san lokacin da na fara bin ta da ƙirga ba. Na ga hannun Nomau yana kwance ƙullin, ya murza, ya gane, ya zuba duk da haka. Na ga ruwa ya tsaya a sama. Na ga an tambaye shi wa ya kawo, na kuma san wannan karon ba zai nuna kowa ba.

Sai wani abu ya buga a ƙirjina, da ƙarfi, har na dafe wurin. Tsoro ne. Shekara biyu rabona da jin komai, da abin ya tashi dawowa tsoro ya fara aikowa, kuma ba don kaina ba.

Ladan ya fara kiran farko na Juma'a. Ban tsaya neman mayafi ba, ban ga takalmi ba. Na ji Inna tana kiran Kadi, Kadi, a bayana. Maza na ta fitowa da fararen riguna za su masallaci suna kaucewa, suna kallon 'yar gidan mutunci da kai rabi a tsefe tana gudu ta nufi sansanin Nasara, inda macen kirki ba ta zuwa. Ƙullin tsaki na cikin hannuna na damƙe shi, fuskata a jiƙe, ban san tun yaushe ba. Tabawa tsohuwa ce, ba ta da sauri, abin da nake ta gaya wa kaina ke nan. Da na fita bakin gari na hango katangar sansani, ba kowa a kan hanya, hayaƙi kuwa ya riga ya tashi daga madafa.